Littafin aikin manhajar rasit ta 'yan albasa: gyaran ɗaurin masana'antun Dagger

Litinin, 8 ga Janairu 2024, Garwa, Kamaru

Na buɗe wannan littafi domin in riƙa rubuta yadda aikin sauya tsarin manhajar ke tafiya. Manhajar ta wayar Android ce, an rubuta ta da Kotlin, kuma wata ƙungiyar 'yan kasuwar albasa ce ke amfani da ita wajen rubuta buhunan da aka kawo, da sunan mai kaya, da na mai saye, da abin da ya rage bashi. Tana buga rasit a ƙaramar na'urar Bluetooth, sannan ta aika bayanan ranar zuwa uwar garke duk lokacin da intanet ta samu. Har zuwa yau akwai wani babban aji (class, wato rukunin kod) guda ɗaya da ke gina kowane abu da hannu yana miƙa wa sauran, kuma ya yi girman da duk wanda ya taɓa layi ɗaya a cikinsa sai wani wuri ya lalace. Shawarar da muka yanke da yaron da nake koya wa aiki ita ce mu mayar da wannan nauyi ga Hilt, wanda ke zaune a kan Dagger, laburaren da ke gina azuzuwa yana miƙa wa kowanne abin da yake bukata.

Abin da ya sa na zaɓi Dagger shi ne yana bin taswirar dogaro, wato wane aji ke bukatar wane, tun lokacin harhaɗa manhaja, ya rubuta kod ɗin da zai gina kowane aji, saboda haka idan wani abu ya ɓace ana gani a kwamfuta kafin manhajar ta isa hannun magatakarda a kasuwa. Wahalar tana wajen azuzuwan da rabin bukatunsu Dagger ya san su, sauran rabin kuwa ba a saninsu sai lokacin da ake aiki. Mai buga rasit misali ne: ma'ajiyar bayanai da tsarin rubutun rasit suna nan tun da aka kunna manhaja, amma adireshin na'urar bugawa da sunayen masu ciniki sai an tsaya gaban buhu ake samunsu. Irin wannan ne Dagger ya kawo wa mafita a siga ta 2.31, cikin Janairun 2021, da alamomi uku: @AssistedInject a kan magini (constructor, hanyar da ke gina aji), @Assisted a kan guraben da za a cike daga baya, da @AssistedFactory a kan intafes (jerin hanyoyi marasa gangar jiki) ɗin da Dagger zai rubuta wa gangar jiki, wanda shi ne masana'anta, wato abin da ke karɓar sauran rabin ya gina ajin.

Kayan aiki: Dagger da Hilt 2.50, Kotlin 1.9.22, WorkManager 2.9.0 (mai tafiyar da ayyukan bayan fage), JDK 17, kuma kapt ne ke tafiyar da masu sarrafa alamomi, wato masu karanta alamomin @ su rubuta kod, a yanzu. Na sayi datar wata ta sefa 10,000, domin Gradle, mai tafiyar da ginin manhaja, shi kaɗai zai ci kaso mai yawa wajen sauko da laburare.

Laraba, 10 ga Janairu

An sa Hilt a manhaja, an mayar da ma'ajiyar bayanai ta Room da abokin hulɗar uwar garke cikin modul, wato inda ake gaya wa Dagger yadda zai samar da abu. Komai ya harhaɗu.

Alhamis, 11 ga Janairu

Yau aka fara karo da masana'anta. Bayan an sa @AssistedInject a maginin RasitBluetooth, ajin da ke buga rasit, allon ciniki ya ci gaba da neman ajin kai tsaye kamar yadda yake yi da sauran, sai Dagger ya tsayar da gini yana cewa ba ya shigar da irin wannan aji, yana kuma tambaya ko masana'antarsa ake nufi. Saƙon ya faɗi gaskiya, domin ajin da ke da gurbin @Assisted ba cikakke ba ne a idon taswira, kuma abin da taswira za ta iya bayarwa shi ne masana'antar kawai, wadda ke riƙe da rabin da aka sani tana jiran sauran rabin.

Ana gyara wannan sai na biyu ya fito. Maginin yana karɓar rubutu uku, wato adireshin na'ura da sunan mai sayarwa da sunan mai saye, kuma dukansu String ne. Dagger ba ya haɗa guraben masana'anta da na magini ta hanyar jerinsu ko sunan da aka ba su a kod, yana haɗa su ne ta nau'i, don haka idan nau'i ɗaya ya maimaitu sai ya ƙi, ya nemi a sa wa kowanne lakabi a cikin alamar, kuma lakabin ya zama iri ɗaya a ɓangarorin biyu. Mun sa @Assisted("adireshi"), @Assisted("maiSaye") da @Assisted("maiSayarwa"). Yaron ya so ya yi amfani da @Named kamar yadda ya saba, amma Dagger bai yarda da irin wannan alamar bambancewa a kan gurbin @Assisted ba, tun da gurbin ba daga taswira yake fitowa ba balle a bambanta masa ɗauri, wato bayanin inda Dagger zai samo abu.

Kafin mu tashi na buɗe masa babban fayil na build/generated/source/kapt, muka karanta abin da aka rubuta mana. Fayiloli biyu ne suka shafe mu. Na farko sunansa ya ƙare da _Factory, kuma shi ne ke riƙe da masu samar da ma'ajiya da tsarin rubutu. Na biyu ya ƙare da _Impl, shi ne gangar jikin intafes ɗinmu, kuma aikinsa bai wuce ya karɓi rubutu ukun ya miƙa wa na farko ba. Duka biyun ba su cika allo ɗaya ba. Ina ganin duk wanda zai yi aiki da Dagger ya kamata a zaunar da shi gaban waɗannan fayiloli tun makon farko, saboda yawancin tsoron da ake ji na kayan aikin yana zuwa ne daga zaton cewa wani abu mai zurfi ke faruwa a ɓoye.

Asabar, 13 ga Janairu

An sayo na'urar buga rasit mai takarda milimita 58 a sefa 25,000, da naɗin takarda na sefa 3,000, domin ta ƙungiya tana kasuwa kullum. Ba a taɓa kod ba.

Talata, 16 ga Janairu

Wannan ita ce matsalar da ta fi cin lokaci zuwa yanzu, kuma ita ce ta sa na sake fasalin aikin. Ba na son allon ciniki ya san cewa Bluetooth ake amfani da shi, saboda muna bukatar mai bugawa na bogi a lokacin gwaji, kuma wata rana ƙungiya za ta iya neman a riƙa aika rasit ta saƙon waya. Don haka akwai intafes mai suna MaiBugaRasit, RasitBluetooth kuma yana cika shi. Da aka rubuta masana'anta tana dawo da MaiBugaRasit, Dagger ya ƙi, ya ce dole hanyar masana'anta ta dawo da nau'in da magininsa ke ɗauke da @AssistedInject. Dalilin a fili yake idan an tuna fayil ɗin _Impl: dole ya san takamaiman maginin da zai kira, intafes kuwa ba shi da magini.

Gwajin farko shi ne ƙara @Binds daga RasitBluetooth zuwa MaiBugaRasit, amma bai yi amfani ba, domin wannan ɗauri yana neman taswira ta samar da RasitBluetooth da kanta, abin da aka riga aka ce ba ta iyawa. Inda ya kamata ɗaurin ya zauna shi ne tsakanin masana'anta da masana'anta. Ana rubuta intafes na fili wanda ba shi da alamar Dagger ko ɗaya, sannan masana'antar da ake ƙirƙira ta gaje shi ta ƙunƙunta abin da take dawowa da shi zuwa ajin gaske, abin da Kotlin da Java duka suka halatta:

```
interface MaiBugaRasit {
    interface Masanaanta {
        fun gina(adireshi: String, maiSaye: String, maiSayarwa: String): MaiBugaRasit
    }
}

@AssistedFactory
interface MasanaantarBluetooth : MaiBugaRasit.Masanaanta {
    override fun gina(
        @Assisted("adireshi") adireshi: String,
        @Assisted("maiSaye") maiSaye: String,
        @Assisted("maiSayarwa") maiSayarwa: String
    ): RasitBluetooth
}

@Binds
abstract fun daure(m: MasanaantarBluetooth): MaiBugaRasit.Masanaanta
```

Da wannan sauran manhaja ba ta ganin komai sai intafes na fili. Na mayar da shi doka a aikin: duk masana'antar da Dagger zai rubuta tana zama kusa da ajin da take ginawa, kuma babu wanda ke neman ta da sunanta sai modul ɗin da ke ɗaure ta.

Juma'a, 19 ga Janairu

Wuta ba ta samu ba sai bayan la'asar. An rubuta gwaje-gwajen tsarin rubutun rasit kawai. Na lura na'urar ba ta da ɗ da ƙ da ɓ a cikin haruffanta, tana buga alamar tambaya a madadinsu, don haka za a riƙa zana sunaye a matsayin hoto mai faɗin ɗigo 384 kafin a aika mata.

Litinin, 22 ga Janairu

An raba aikin gida uku a Gradle: tushe, inda intafes na fili suke, sai firinta, sai manhajar kanta. Nan take gini ya faɗi, amma saƙon bai zo da lakabin Dagger ba, mai harhaɗa Java ne ya ce bai ga ajin MasanaantarBluetooth_Impl ba. Yaron ya share ma'ajiyar wucin gadi ta Gradle yana zaton tsohon gini ne ya maƙale, abin da ya jawo sake sauko da kaya masu nauyi a kan datar da ake lallaɓawa, kuma bai sauya komai ba. Da muka leƙa babban fayil ɗin build na firinta sai muka tarar babu kod ɗin da aka ƙirƙira ko layi ɗaya. An sa wa wannan ɓangare laburaren alamomi, amma ba a sa masa mai sarrafa su ba. Alama ba ta yin komai da kanta, kuma mai sarrafawar da ke aiki a babbar manhaja ba ya komawa baya ya rubuta gangar jikin masana'antar da ke wani ɓangare. Layi ɗaya na kapt a fayil ɗin Gradle na firinta ya warware shi.

Na ce masa daga yau, kafin ya share komai, ya fara tambayar kansa abu ɗaya: shin fayil ɗin _Impl yana nan ko ba ya nan? Idan ba ya nan, matsalar ta Gradle ce ko ta mai sarrafa alamomi. Idan yana nan amma Dagger na kuka, matsalar ta ɗauri ce. Ya ce, "To Malam, ai da na san haka da ban ƙona datar ba."

Laraba, 24 ga Janairu

MissingBinding, wato kukan Dagger cewa babu ɗaurin wani abu, a kan hanyoyin biya. Rasit yana nuna yadda aka biya, ko kuɗi hannu, ko Orange Money, ko MTN MoMo, ko bashi, kuma kowace hanya an zuba ta cikin tari ɗaya da @IntoSet. Maginin RasitBluetooth ya nemi Set na HanyarBiya, Dagger ya ce babu. Sai an karanta saƙon a hankali ake ganin cewa abin da ya ce babu shi ne Set mai ɗauke da alamar tambaya da kalmar extends a ciki. Kotlin ne ke ƙara wannan yayin da yake fassara gurbin zuwa siffar Java, saboda HanyarBiya intafes ne da ake iya gadonsa, Dagger kuma yana ɗaukar nau'in biyu a matsayin maɓallai daban. An sa @JvmSuppressWildcards a gaban HanyarBiya cikin gurbin, gini ya wuce.

Lahadi, 28 ga Janairu

Gwajin farko a fili, a kasuwar Pitowa kusa da Garwa, tare da magatakardan ƙungiya. Kuɗin mota zuwa da dawowa sefa 2,000. Abu biyu suka fito, kuma babu wanda Dagger zai iya kamawa a cikinsu.

Na farko, rasit na farko yana fita lafiya, na biyu kuwa sai manhaja ta tsaya tana jira har ta ce haɗi ya gaza, sai an kashe na'urar an sake kunnawa. Duk kiran da aka yi wa masana'anta yana gina sabon RasitBluetooth, kowane sabo kuma yana buɗe nasa haɗin, alhali na'urar haɗi ɗaya take karɓa a lokaci guda kuma na farkon bai saki ba. A tsohon tsari abu ɗaya ne ake ta juyawa, shi ya sa ba a taɓa ganin haka ba.

Na biyu ya fi muni. A allon biyan bashi, rasit ya fito da sunan mai saye a gurbin mai sayarwa. Magatakarda ya miƙa wa wani dattijo takardar da ke nuna shi ake bi kuɗin buhu goma sha biyu, alhali shi ke bi. Dattijon ya sa aka karanta masa, ya dube mu ya ce, "Malam, injin naku ya mayar da ni mai cin bashi ke nan?" Magatakarda ya ba shi haƙuri, ya ce, "Baba, gwaji ake yi, ga littafi nan bai canza ba," ya yaga takardar a gabansa ya rubuta masa ta hannu. Sauran ranar da littafi aka ƙarasa ta.

Litinin, 29 ga Janairu

Na bi sawun musanyar sunayen. Lakabin @Assisted suna daidai a ɓangarorin biyu, kuma fayil ɗin _Impl yana miƙa kowane rubutu inda ya dace. A wurin kiran ne aka jera sunayen bisa jerin magini, wanda ya sa mai sayarwa a gaba, alhali masana'anta ta sa mai saye a gaba. Dagger ya halatta jerin biyun su bambanta, kuma ga mai harhaɗa Kotlin rubutu rubutu ne. Lakabi yana kare tsakanin masana'anta da magini ne kawai, ba ya kare tsakanin mai kira da masana'anta.

Za a iya tilasta kiran da sunayen gurabe, amma wannan ya dogara ne da kowa ya tuna. Na gwammace in kawar da hanyar kuskuren gaba ɗaya. An ƙirƙiri ajin bayanai mai suna Ciniki wanda ke ɗauke da mai saye da mai sayarwa da buhuna da kuɗi, ana gina shi wuri ɗaya daga ma'ajiya, masana'anta kuma yanzu gurbi biyu take karɓa masu nau'i daban, AdireshinNaura da Ciniki. Lakabi ukun duka sun tafi. A ganina, idan Dagger ya yi ƙorafin nau'i ya maimaitu, sa lakabi shi ne gyara mafi sauri, amma sau da yawa ƙorafin yana nuna cewa akwai wani aji da ya kamata a ce an rubuta tun farko.

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Batun haɗin Bluetooth. Ba a iya sa @Singleton a kan ajin da ke da @AssistedInject, kuma hanin yana da ma'ana, domin idan abu ɗaya ne har abada, me za a yi da Ciniki na biyu da aka miƙo? An fitar da haɗin zuwa wani aji dabam mai suna MaiKulaDaHadi, wanda yake @Singleton na yau da kullum, wato guda ɗaya ne a duk manhajar, yana riƙe da haɗi ɗaya ga kowane adireshi, yana sake buɗewa idan ya yanke. RasitBluetooth yanzu yana karɓarsa daga taswira, ya ari haɗin, ya buga, ya tafi. An buga rasit a jere har naɗin takarda ya kusa ƙarewa ba tare da tsayawa ba. Datar Fabrairu, sefa 10,000.

Talata, 6 ga Fabrairu

An soma mayar da mai aika bayanai ya zama @HiltWorker, wato ma'aikacin bayan fage na WorkManager da Hilt ke ginawa. Shi ma masana'anta ce ake ƙirƙira masa, da guraben @Assisted biyu da aka ƙayyade, Context da WorkerParameters. Gini ya faɗi da MissingBinding a kan tsarin rubutun rasit. A ƙasan saƙon Dagger yana jera sarƙar wanda ya nemi wane, kuma a nan ne na ga sunan SingletonC. An girka modul ɗin tsarin rubutu a ActivityComponent, sashen taswira na allo, tun makon farko, ma'aikacin bayan fage kuwa daga SingletonComponent, uwar sashen ta duk manhaja, kaɗai yake samun kaya, domin yana iya tashi babu wani allo a buɗe. Ɗa yana ganin ɗaurin uwa, uwa ba ta ganin na ɗa. An sauya @InstallIn na modul ɗin.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Gini ya wuce, manhaja ta buɗe, amma babu abin da ya isa uwar garke, kuma babu wani saƙo a allo. A Logcat, inda Android ke rubuta saƙonnin manhaja, aka ga WorkManager yana cewa ya kasa gina ma'aikacin, da NoSuchMethodException a kan magini mai gurbi biyu. Ma'anarsa ita ce WorkManager bai bi ta masana'antar Hilt ba sam, ya koma hanyarsa ta asali ta neman magini mai Context da WorkerParameters kawai, namu kuwa yana da ƙarin gurabe.

Abu uku ne dole su haɗu, kuma babu wanda mai harhaɗawa ke dubawa a cikinsu. Dole ajin Application ya cika Configuration.Provider ya miƙa HiltWorkerFactory, kuma a siga ta 2.9 wannan ya koma kadara mai suna workManagerConfiguration maimakon tsohuwar hanyar da yawancin misalai ke nunawa. Dole a cire mai tayar da WorkManager na asali a cikin AndroidManifest, wanda tun siga ta 2.6 yake ƙarƙashin androidx.startup, in ba haka ba yana riga Application tashi ya kafa masana'antarsa. Dole kuma a sa mai sarrafa alamomi na androidx.hilt, wanda dabam yake da na com.google.dagger duk da sunayensu sun yi kama, domin shi ne ke rubuta masana'antar ma'aikaci da modul ɗin da ke zuba ta cikin taswira. A wurinmu na farko da na uku suna nan, na biyun ne babu. Bayan an ƙara tools:node="remove" a kan WorkManagerInitializer, bayanan da suka taru suka tafi.

Wannan ya rage mini yarda da zancen cewa idan Dagger ya harhaɗu to an gama. Gaskiya ne a cikin taswira, amma duk inda wani tsari na Android ne ke gina abu da kansa, akwai gaɓar da sai an gwada ta a waya.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Hutu. An ƙara wa kwamfuta ƙwaƙwalwa daga gigabait 8 zuwa 16, sefa 18,000, saboda kapt da Android Studio tare suna sa ta tsayawa cik.

Alhamis, 15 ga Fabrairu

An bar kapt an koma KSP, wanda ke karanta kod ɗin Kotlin kai tsaye. Kapt yana fara rubuta kwarangwal ɗin Java na kowane ajin Kotlin kafin masu sarrafa alamomi su soma aiki, kuma wannan mataki ne ke cin lokaci. Dagger ya fara karɓar KSP a siga ta 2.48, androidx.hilt kuma a 1.1.0. An kwashe Dagger da androidx.hilt da Room a zama ɗaya, domin mai sarrafawar da ke KSP ba ya ganin nau'in da kapt ya ƙirƙira, kuma raba su zai bar modul ɗin ma'aikaci a inda Hilt ba zai gan shi ba. A 2024 lambar sigar KSP dole ta fara da ta Kotlin, don haka 1.9.22-1.0.17 aka sa. Kod ɗin da ake ƙirƙira ya koma build/generated/ksp. Gini ya yi sauri yadda ake ji, kuma fankar kwamfuta ta rage ihu, abin da ke da muhimmanci yanzu da zafi ya fara shigowa.

Talata, 20 ga Fabrairu

Magatakarda ya kira ya ce cinikin kwana biyu bai bayyana a wurin shugaban ƙungiya ba. A sabuntawar da aka ba shi an sauya wa ajin ma'aikaci suna da mazauni yayin gyaran fasali. WorkManager yana ajiye cikakken sunan ajin a ma'ajiyarsa lokacin da aka sa aiki a layi, don haka ayyukan da suka taru a wayarsa lokacin da babu intanet suna neman ajin da ya daina wanzuwa, masana'antar Hilt ba ta san sunan ba, aka yi musu alamar gazawa. Bayanan ba su ɓata ba, suna cikin Room. An ƙara mataki a farkon tashin manhaja wanda ke duba duk cinikin da ba a aika ba ya sake sa aiki ɗaya da enqueueUniqueWork, kuma an rubuta gargaɗi a saman ajin cewa kada a sake taɓa sunansa. Na je da kaina na yi wa shugaba bayani, na ce, "Alhaji, lissafinku yana nan daram, aikawa ce ta tsaya." Ya ce a ci gaba da riƙe littafi tare da waya har ƙarshen kaka, kuma ban ga laifin wannan ba.

Juma'a, 23 ga Fabrairu

Wuta ta yi ta yankewa duk makon. Na biya sefa 3,000 na yi aiki a wani shago mai hasken rana.

Laraba, 28 ga Fabrairu

Allon bayanin ciniki. Tun siga ta 2.49 Hilt ya yarda a ba @HiltViewModel, ajin da ke riƙe wa allo bayanansa, masana'anta ta hanyar assistedFactory, yaron kuma ya yi amfani da ita ya miƙa Ciniki kai tsaye. Da farko ya nemi masana'antar da @Inject a cikin allo, Hilt ya hana, saboda abin da aka gina ta wannan hanya ba ya shiga ma'ajiyar ViewModel, zai ɓace da zarar an juya waya. Ya gyara ya bi ta withCreationCallback, ya yi aiki.

Duk da haka na sa aka cire ta. Wayoyin da ake amfani da su a kasuwa ƙwaƙwalwarsu kaɗan ce, kuma magatakarda yakan bar manhajarmu ya shiga duba saƙon shigowar kuɗi ko ya amsa kira, Android kuma ya kashe ta a bayan fage. Abin da aka miƙa ta @Assisted ba a adana shi idan hakan ta faru. Mun gwada da adb shell am kill bayan an tura manhaja baya, da aka dawo sai allon ya nemi Ciniki daga wurin da ya riga ya zama fanko, ya faɗi. Yanzu lambar ciniki kaɗai ake miƙawa cikin bayanan buɗe allo, ViewModel ya ɗauke ta daga SavedStateHandle, wanda Hilt ke bayarwa ba tare da wata masana'anta ba, ya karanto sauran daga Room. Masana'anta ɗaya ta ragu, kuma ban yi kewarta ba.

Litinin, 4 ga Maris

Gwaje-gwajen allo. A nan ne tsarin 16 ga Janairu ya biya kuɗinsa: modul ɗin gwaji mai @TestInstallIn ya maye gurbin na firinta, ya ɗaure intafes na fili da masana'antar bogi da ke tara rasit a jeri maimakon bugawa. An rubuta gwajin da ke tabbatar da sunan mai saye da na mai sayarwa suna inda ya dace a duk allon da ke buga rasit. Datar rabin wata, sefa 5,000.

Asabar, 9 ga Maris

Masana'antu biyu suka rage a manhajar, ta mai buga rasit da ta ma'aikacin aikawa, tsohon babban ajin kuma an goge shi jiya. Jimillar abin da aka kashe tun 8 ga Janairu sefa 76,000 ne, kuma ƙungiya ta amince ta mayar da kuɗin na'ura da takarda, wato 28,000.

Azumi na kamawa farkon mako mai zuwa, don haka aikin zai koma bayan sallar asuba zuwa hantsi, kafin zafi ya hana kwamfuta sakat. Gobe za a koma Pitowa da sigar da aka matse da R8, mai rage girman kod da gajarta sunayen azuzuwa, domin duk gwajin da aka yi a fili zuwa yanzu da sigar gyara (debug) aka yi shi, kuma ina son in ga ma'aikacin aikawa ya tashi a wayar magatakarda bayan an matse sunaye. Idan wannan ya wuce, mataki na gaba shi ne mai bugawa na biyu da zai aika rasit ta saƙon waya ga masu kayan da ba su zo kasuwa ba. Wannan zai sa masana'antu biyu su gaji intafes ɗaya, kuma Dagger zai ƙi da DuplicateBindings idan aka ɗaure su haka kawai, don haka zan zuba su cikin Map da @IntoMap, maɓallin ya zama irin rasit ɗin da magatakarda ya zaɓa a allo.